Ranar da Kandishan Ya Juya Mini Baya a Hanyar Khaibar

Sana'ata gyaran kandishan ɗin mota, wato na'urar da ke sanyaya ciki. A farkon shekarun tamanin ina da 'yar warsha a bayan unguwar Anbariyya a Madina, rumfar kwano ce da rami ɗaya da tukunyar gas biyu, kuma a lokacin ban ga wanda zan sara wa a wannan aiki ba. Mota tana tsayawa a ƙofa, kafin mai ita ya gama sallama na riga na gaya masa ciwonta. Yawanci kuma yadda na faɗa haka ake tararwa. Ga ni da baki, ga saurin fushi. Matata takan ce da ana sayar da haƙuri a kasuwa da tuni ta sayo mini buhu guda. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ji tausayina fiye da kima a abin da zai biyo baya.

Ina da Baffa, yayan mahaifina. Su biyu suka taso daga ƙasar Hausa suna samari, da ƙafa, suka yi shekaru a Sudan suna aikin gona kafin su haye teku. Mahaifina ya zauna a Madina, a nan aka haife ni, a nan kuma ya rasu aka binne shi a Baƙi'a. Baffa kuwa zaman gari ya gagare shi, hannunsa ya saba da ƙasa. Sai ya tafi Khaibar yana kula da gonar dabinon wani Balarabe, shi da matarsa da muke kira Inna. Allah bai ba su haihuwa ba, ni ne ɗan.

Duk zuwan da zai yi Madina sai mun je ziyara Baƙi'a, kuma duk fitowa sai ya damƙe mini hannu a bakin ƙofa. "Kai, saurara," yakan ce. "Ban taka waccan doguwar hanya don in mutu a gindin dabino ba. Ranar da ka ji na kwanta, ka zo ka ɗauke ni da sauran numfashina. A cikin Madina nake so raina ya fita." Ni kuwa in yi dariya in ce, "Haba Baffa, kai da za ka binne mu duka." Ba ya dariya. Sai na ce na yi alkawari sannan yake sakina.

Shekarar nan azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Wata rana da hantsi ina ƙarƙashin wata mota, sai ga wani direban wanet, wato a-kori-kura, mutumin Chadi da ke kawo dabino kasuwa daga Khaibar. Ya tsuguna a bakin ramin ya ce, "Inna ce ta aiko ni. Ta ce tsoho ya kwanta. Likita ya duba shi jiya, ya ce a yi masa addu'a kawai."

Ban ko wanke hannu ba. Na ja ƙofar warsha, na jefa akwatin kayan aiki a but, na tada motata. Babbar motar Amurka ce, tsohuwa, mai faɗi kamar ɗaki, kuma ni da hannuna na sa mata sabon kwamfiresa, zuciyar kandishan, kafin azumi. A duk danginmu ita kaɗai ce mai kandishan. A tafiyata sanyi ya yi yawa har sai da na rage, ina tuƙi ina yaba wa kaina.

Na isa ana shirin kiran azahar. Ɗakinsu na ƙasa ne a gefen gonar, bayansa baƙaƙen duwatsun nan na Khaibar suna ta huci. Na tarar da Baffa a kan tabarma, ya ƙanƙance, mutumin da ke hawa dabino babu igiya. Idanunsa ne kawai ba su canza ba.

"Ka zo?" ya ce.

"Na zo, Baffa."

"To, yalla, mu tafi."

Maƙwabtansa manoma suka ja ni waje. Suka ce in yi haƙuri a bari sai bayan la'asar, rana ta karya, wannan ba lokacin fita da mara lafiya ba ne. Inna tana tsaye a bayansu. Na kalle ta, ta girgiza kai, ta ce a hankali, "Ɗana, ban ga alamar zai jira la'asar ba." Ni kuwa da ma abin da nake son ji ke nan. Na buga ƙirji na ce da su, "Wace rana? Motar nan firiji ce. Ku kawo bargo ma ku rufa masa, kada sanyi ya kama shi."

Muka shiga mu huɗu muka ɗauko shi a cikin bargo. Muna ta fama da ƙunƙuntar ƙofar ɗakin, Inna tana ta kai da kawo tsakanin ɗaki da mota da 'yan kayanta, buta, jarkar ruwa, ƙullin tufafi. Ban kula da abin da ta ɗauka ko inda ta ajiye ba. Muka shimfiɗe shi a kujerar baya, ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta. Aka yi addu'a, muka kama hanya.

Tafiyar awa biyu ce da wani abu. Hanyar babu kowa, tsakar ranar azumi duk mai hankali yana kwance a inuwa. Dama da hagu baƙin dutse ne har iyakar gani, kwalta tana rawa a gabana. A ciki kuwa sanyi lafiya lau. Ina jin numfashin Baffa a bayana, yana ja da ƙyar amma yana ja. Mun ci fiye da rabin hanya sai na faɗa wani rami da ban gani ba. Motar ta yi sama ta dawo, jarka ta kife, Inna ta yi salati.

"Lafiya?" na tambaya.

"Lafiya. Ka dai bi a hankali."

Ba a jima ba na ji iskar da ke bugun fuskata ta sassauta. Na kara hannu a bakin ramin iska. Ba sanyi, ba zafi. Na ƙara fanka. Sai ta fara ɗumi, daga ɗumi ta koma zafi sosai, irin na bakin tanda. Na ce, "Kai! Wannan kuma wane irin iskanci ne?" Na kashe, na kunna, na ja maɓallin sanyi har ƙarshe, na doddoki tablon, wato allon nan na gaban mota. Babu abin da ya canza. Na kashe fankar gaba ɗaya, amma zafin bai tsaya ba, yana ta silalowa ta ƙasa yana gasa mini ƙafafu.

Na sauke gilasai. Wayyo. Wanda bai taɓa shan iskar samum a hanyar nan ba, ba zai gane ba. Ta shigo da ƙarfi, busasshiya, tana ƙona hanci. Baffa ya sarƙe, ya kama tari, tarin da babu ƙarfin fitar da shi, ƙirjinsa yana ɗagawa. Inna ta ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ta yi ba: "Rufe! Rufe, za ka kashe shi!" Na rufe. Cikin ɗan lokaci kuma gumi ya fara zubo mana, motar ta cika da huci. A buɗe babu dama, a rufe babu dama.

Na gangara gefen hanya na tsaya. "Minti biyar, Inna," na ce. "Aikina ne wannan."

Na bar inji yana aiki, na ɗaga bonet. Ƙarfen ya ƙona mini yatsu. Abin da na fara zargi bel ne, na ce faɗawa ramin nan ta tsinka shi. Ga bel yana nan yana juyawa, ko sako-sako bai yi ba. Na zagaya na kunna kandishan, na dawo da gudu, na ji kwamfiresa ya kama, ƙas, yadda ya kamata. Na buɗe gidan fis na zare su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga su a rana. Duk lafiyarsu ƙalau.

To, gas ne ke nan. A Madina in mota goma suka zo maka da kukan sanyi, kusan dukansu gas ne ya tsiyaye. Akwai wani ɗan gilashi kamar idon kifi a kan bututun, in gas ya yi ƙasa za ka ga kumfa tana wucewa. Na goge shi da bakin rigata na leƙa. Garau, babu kumfa. Na kama babban bututun da ke komawa kwamfiresa. Sanyi ƙarara! Har raɓa yake yi a cikin wannan rana.

Na tsaya ina kallonsa kamar wawa. Kandishan yana yin sanyi, sanyin yana shiga mota, amma wuta ke fita. Maimakon in yarda da abin da hannuna ya gaya mini, sai na ce ƙarya ne. Na sake bin komai daga farko. Bel, kwamfiresa, fis, gilashi. Na bi mahaɗan bututu ina neman inda yake yoyo. A warsha ruwan sabulu muke shafawa mu ga ko zai yi kumfa, a nan na nemi yawu in shafa na rasa, bakina ya bushe ƙamas. Wallahi ina sane lokaci yana tafiya, amma raina yana gaya mini ba zai yiwu a ce ni, ni ɗin nan, kandishan ɗin motata ya gagare ni ba.

"Ɗana!" Inna ta kira.

Na leƙa ta taga. Ta jiƙa rawanin Baffa ta shimfiɗa masa a goshi da ƙirji, tana masa fifita da murfin kwano. Ruwan jarka ya ragu sosai, da ma rabi ya zube a ramin. Leɓunansa sun yi fari. Ya buɗe ido ya neme ni.

"Me ya tsayar da mu?"

"Ɗan gyara ne, Baffa. Yanzun nan."

"Ka yi sauri," ya ce. "Ina jin abin yana hawowa."

Na koma gaban mota. Na duba hanya gabas da yamma, ko tsuntsu babu. A nan ne tsoro ya kama ni sosai, kuma ina ganin tsoron ne ya buɗe mini kai. Na tambayi kaina, in ba rashin sanyi ba ne, to daga ina zafin yake zuwa? Me ke cikin motar nan da aikinsa ke nan, ya yi zafi? Sai na dafe kai. Daffaya! Na'urar ɗumama mota ta lokacin sanyi. Mu a Madina wa yake tuna mota tana da wannan abu? Sanyinmu na 'yan makonni ne, mutum ya ja mashlahi, alkyabbar Larabawa, ya rufa ya wuce. Na yi shekaru a sana'ar nan, ban tuna ranar da wani ya kawo mini gyaran daffaya ba.

Ita daffaya da ruwan zafin inji take aiki. Tiyo biyu ne ke ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, ɗaya ya kai ruwan, ɗaya ya dawo da shi. Na ce shi ke nan, in na matse ɗaya ruwa ya daina zagayawa, zafi ya mutu. Na ɗauko filaya na cusa hannu ta gefen inji, ƙarfe ya lashe mini tsintsiyar hannu, tabon yana nan har yau. Na kama tiyon na matsa. Tsohon tiyo ne, rana ta cinye shi. Sai na ji ɗan tsit, na ga ɗigon ruwa ya fito a gefen bakin filayar da siririn tururi.

Na saki da sauri. In tiyon nan ya fashe, ruwan lagireto duka zai zube a ƙasa, kuma babu abin da zai motsa mu daga wurin nan sai wani ikon Allah. Na yage hannun rigata na naɗe wurin, na ɗaure da waya, ina ta "Ya Sattar, ya Sattar." Ɗigon ya tsaya.

Saura hanya ɗaya. A cikin mota, ƙarƙashin tablon ta gefen fasinja, akwai akwatin da iska ke bi, a cikinsa da wata 'yar ƙofa. In ta karkata nan iska ta bi ta sanyi, in ta karkata can ta bi ta daffaya. Maɓallin da ke gaban direba, waya ce siririya ke haɗa shi da hannun ƙofar. Na shiga na ja maɓallin a hankali ina saurare. Yana tafiya sakaka, babu abin da yake ja. Waya ta kuɓuce ke nan. Na zagayo da gudu, na buɗe ƙofar fasinja, na durƙusa zan cusa kai.

"Kada ka taɓa nan," in ji Inna.

Na ɗago. "Na'am?"

"Na ce kada ka taɓa nan. Duba wani wuri."

"Inna, a nan ciwon yake."

"Babu komai a nan." Ta kau da kai. "Kaya na sa. Kayan mata ne."

Ku ji fa. Matar da ta goya ni a bayanta ce, ban taɓa musa mata ba, ta kuma ce kayan mata. Kunya ta kama ni. Na tashi na koma gaban mota, wai ko zan iya cire tiyon biyu in haɗa su da juna. Na san ba zai yiwu ba, inji yana tafasa, ruwan da zan yi asara ba ni da madadinsa. Amma na tsaya ina jujjuya sukudireba a hannu, ina jin haushinta, ina jin haushin kaina. Ban san minti nawa na ƙara kashewa a nan ba. Abin da ya dawo da ni wani sauti ne daga kujerar baya, numfashi mai kurman ƙara, yana tsayawa yana dawowa.

Sai zuciya ta ɗebe ni. Na zagayo na yi mata tsawa, da Larabci kuma, ni da ban taɓa yi mata magana da wani harshe ba sai Hausa. Na ce khalas, ya isa, mutum yana mutuwa ana maganar kaya! Na kwanta rigingine a kan dardumar mota, na cusa hannu sama ta bayan akwatin tablon. Na taɓa wani abu mai taushi, an cusa shi da ƙarfi har ya cika wurin. Na ja, ya ƙi. Na sa hannu biyu na fizge.

Ƙulli ne na farin yadi, an ɗaure da igiyar kaba. Fizgar da na yi ta tsinka igiyar, yadin ya warware ya zubo mini a ƙirji, fari fat, sabo, yana ƙanshin kafur. Ban buƙaci a gaya mini ba. Likkafani ne.

Na tashi zaune da shi a hannu. Ta tsakanin kujeru na ga Baffa, idanunsa a buɗe, yana kallon abin da nake riƙe da shi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Inna ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "A ina kake so in sa? A but, tare da taya da baƙin mai? Ko a ƙasa inda ake takawa? Da ruwan Zamzam aka wanke shi, tun hajjinmu ta ƙarshe. Na nemi wuri mai tsabta, sama, inda ba zai gani ba." Sannan ta ce, "Ta yaya zan kira sunan abin nan yana ji?"

Haka tsofaffinmu suke yi, kowa da nasa a ajiye a ƙasan akwati, an jiƙa shi da Zamzam an shanya a Makka. Ana sani, amma ba a magana. Ita dai ta ga wani lungu sama da ƙafafu ta tura shi ciki. Da muka faɗa rami sai ƙullin ya zame ya danne hannun 'yar ƙofar nan, ya ture ta gefen daffaya, ya fitar da wayar, ya kuma toshe rabin hanyar iska.

Na rasa abin da zan yi da hannuwana. In mayar, babu wuri. In ɓoye, an riga an gani. Sai na ji wani ɗan sauti daga Baffa, na zaci tarin ne ya dawo. Ashe dariya yake.

"Miƙo," ya ce. "Ai nawa ne." Ya huta. "Shekara da shekaru tana ɓoye shi a ƙarƙashin zannuwanta, wai ban sani ba." Ya sake hutawa. "Sa mini a kai. Cinyar tsohuwar nan duk ƙashi ce."

Inna ta fashe da kuka tana dariya a ciki. "Ka ji shi ko? Har yanzu bakin nan bai mutu ba." Na ninke yadin yadda na iya, hannuna duk baƙin mai, ina ƙoƙarin kama shi ta gefe. Ta karɓa, ta ɗaga kansa ta sa masa.

Gyaran kuwa, abin takaici, bai kai tsawon alwala ba. Na koma ƙarƙashi, na lalubo hannun ƙofar na tura shi gefen sanyi, na ji ta rufe, ƙyat. Na kamo bakin wayar na maƙala a gurbinta, na matse da filaya. Na kunna fanka. Iskar farko ta fito da sauran zafi, ta biyu da ɗumi, daga nan sanyi ya taso mai ƙarfi kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Na duba agogo. Mun yi kusan awa guda a wurin.

Na rufe bonet na shiga, na taka mota. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, ido ɗaya a hanya, ɗaya a allurar zafin inji saboda tiyon nan da na ɗaure da tsumma. Sanyi ya cika motar. Na ji Baffa ya ja dogon numfashi ya ce, "Alhamdulillahi." Can kuma ya ce, "Kai. In ka hango Uhudu ka gaya mini." Duk ɗan Madina ya san in ka zo ta wannan hanya, sai ka kai wajen dutsen Uhudu sannan ka shiga iyakar gari.

"Zan gaya maka, Baffa. Saura ƙiris."

Daga nan bakina ya ɓalle. Ina jin in na yi shiru wani abu zai faru, sai na yi ta zuba. Na ba shi labarin warsha, da wani attajiri da ya kawo mota yana rantsuwa aljanu ne a cikin kandishan ɗinsa ashe ɓera ne ya mutu a ciki. Na ce masa matata ta dama kunun tsamiya, da shi za mu sha ruwa yau a gidana na Ƙuba. Na ce gobe in ya ji sauƙi zan kai shi Harami a keken marasa lafiya, ni zan tura. Da farko yana amsawa da "uhm." Daga baya ban tsaya jin amsa ba. Muka wuce wani gidan mai a rufe, muka wuce wasu 'yan rumfuna, hanya ta fara gangara.

Sai ga shi can nesa ta hagu, ja-ja a cikin hasken rana, dogon bayansa ya fito daga bayan tuddai.

"Baffa! Ga Uhudu! Wallahi ga shi can! Inna, ɗaga shi ya gani!"

Babu wanda ya motsa. Na ƙara taka mota.

"Rage gudu, ɗana," in ji Inna.

"Inna, saura kaɗan fa, minti goma bai..."

"Na ce ka rage gudu. Babu sauran sauri."

Na ɗaga ido na kalli madubi. Ta ja mayafinta ta rufe masa fuska, hannunta ɗaya yana kan ƙirjinsa. Ƙafata ta sauka daga kan totur da kanta. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, muryar ba tawa ba.

"Yaushe?"

"Tun wajen gidan man nan."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kana ba shi labari. Ya yi kalmar shahada a hankali, ya tafi kana maganar kunu."

Daga gidan man nan zuwa iyakar gari bai fi tafiyar rubu'in awa ba. Ni kuwa na zauna kusan awa guda a gefen hanya. Na sha lissafa wannan a raina fiye da yadda zan iya faɗa. Malamai sun gaya mini kwana ne ya ƙare, kuma wanda ya fito da niyya Allah ya ga niyyarsa. Na yarda, ban musa ba. Amma ni na san sau nawa na duba bel ɗin da na riga na ga lafiyarsa ƙalau, don kawai girman kai ya hana ni yarda da hannuna. Abin yana ci mini rai har gobe.

Na kai hannu zan kashe kandishan, don ban ga amfaninsa ba kuma, ƙararsa ma haushi take ba ni.

"Bar shi," ta ce. "Yanzu ma yana buƙata."

Na bari. Muka ci gaba a hankali, ina tuƙi hawaye suna hana ni ganin hanya. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Na yi miki tsawa. Kuma ni na makarar da shi."

"Ni na cusa abin a wurin," ta ce. "Yi tuƙinka."

Dutsen ya yi ta matsowa har ya zo daidai tagarmu, sannan ya fara komawa baya. Gonakin dabino na bakin gari suka bayyana, da gidajen farko, da wata motar ruwa da ta fito daga lungu. Sai na ji Inna ta gyara zama. Ta sunkuya daidai kunnensa, ta yi magana da muryarta ta kullum, irin wadda take tashinsa da ita in abinci ya sauka.

"Malam," ta ce, "mun shigo."